Tambayi Likitan Ido: Idon da Ke Zubar da Hawaye, Ta Yaya Za a Ce Ya Bushe?

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen watan Nuwamba, hazo ya rufe garin Katsina har mutum ba ya hango Hasumiyar Gobarau daga nesa da safe, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kusan duk a kan abu guda, wato ido mai yaji da ja wanda mai shi yake ji kamar an watsa masa yashi. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Ƙofar Marusa, shekarata 48. Kusan shekara biyu ke nan idanuna suna yi mini yaji da nauyi, musamman da yamma idan na zauna duba takardun ɗalibai ko na daɗe a kan waya. Rubutu yakan dushe mini, sai na ƙifta ido sau biyu ko uku sannan ya dawo. Idan na fita cikin iska kuwa, hawaye ne ke zuba har sai na riƙa sharewa da gefen hijabi. A asibiti an ce bushewar ido ce, aka ba ni maganin ɗigawa, na yi mako biyu na daina saboda ban ga canji ba. Ta yaya idon da ke zubar da hawaye zai zama busasshe? Kuma ana warkewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka gaya miki a asibiti ya yi daidai da duk alamomin da kika lissafa, har da zubar hawayen da ta ɗaure miki kai. Hawayen da ke tsare lafiyar ido ba su ne waɗanda ake gani suna gangarowa a kumatu ba. Wani siririn lulluɓi ne da fatar ido take shimfiɗawa a kan ƙwayar ido duk lokacin da aka ƙifta, kuma abu uku ne suka haɗu suka yi shi: yauƙi da ke manne shi da idon, ruwa da ke tsakiya, sai maiƙo da ke kwance a sama. Kin san yadda mai yake tasowa saman miya ya rufe ta, tururi ya ragu, miyar ta daɗe ba ta ƙafe ba. Aikin da maiƙon nan yake yi ke nan. Yana fitowa ne daga wasu 'yan jakunkuna da ke jere cikin fatar ido, kimanin 30 a ta sama da kimanin 25 a ta ƙasa, bakinsu yana buɗewa a gefen fatar, bayan layin gashin ido kaɗan. A wurin mafi yawan masu bushewar ido, waɗannan jakunkuna ne suke toshewa, maiƙon ya daskare a ciki, ruwan ya rasa murfi ya ƙafe da wuri. Da idon ya ji ya bushe sai ya kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sako hawaye da yawa lokaci guda. Amma hawaye ne tsinkakku marasa maiƙo, kamar ruwan sama a kan faƙo, ya kwarara ya wuce bai jiƙa ƙasa ba.

Dalilai da dama sun taru a kanki. Cutar ta fi kama mata, musamman a shekarun da al'ada take shirin ɗaukewa, domin sauyin da jiki ke yi a lokacin yana taɓa jakunkunan maiƙon. Sannan mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa waya ko takarda ido, ƙiftawar takan ragu da rabi ko fiye, wadda yake yi ɗin ma sau da yawa fatar sama ba ta kai wa ta ƙasa. Ki ƙara da ƙurar alli a aji, da fanka da ke bugun fuska, da hayaƙin itace, da turaren wuta a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, ga kuma iskar hunturu da ke tsotse laima daga komai, har leɓe ya tsage.

Idan kika koma asibiti, ki roƙi a duba miki gefen fatar idon da na'urar nan mai haske da ake ɗora haɓa a kanta. Mukan ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa, mu haska shuɗin haske, mu ce wa mutum kada ya ƙifta, mu ƙirga daƙiƙa nawa lulluɓin hawayen zai yi kafin ya yage. Idan ya yage kafin daƙiƙa 10, akwai matsala. Sai kuma mu ɗan matsa fatar ido ta ƙasa da yatsa. A lafiyayyen ido, abin da ke fitowa garau yake kamar man zaitun. A idon da jakunkunansa suka toshe, sai ka ga wani farin abu mai kauri yana murɗowa kamar man goge haƙori, wani lokaci ma babu abin da zai fito.

Saboda haka nake fara magani da ɗumi kafin maganin ɗigawa. Ki sami tsabtataccen ƙaramin tawul, ki tsoma a ruwan ɗumi wanda bayan hannunki zai iya jurewa ba tare da kin janye ba, ki matse, ki ɗora a kan idanunki a rufe na minti 5 zuwa 10. Tawul yana saurin hucewa, balle a wannan sanyi, don haka sai an riƙa sake tsoma shi. Wasu daga cikin masu zuwa wurina sun fi jin daɗin dafaffen ƙwai da ɓawonsa a naɗe cikin ƙyalle, domin ya fi riƙe zafi. Da kin cire, ki sa yatsa mai tsabta ki shafo fatar sama daga sama zuwa wajen gashin ido, ta ƙasa kuma daga ƙasa zuwa sama, a hankali, ba tare da danna ƙwayar idon ba, sannan ki goge gindin gashin da auduga mai ɗan laima. Safe da dare za a yi wannan na wata ɗaya ko biyu, daga baya a koma sau ɗaya a rana. Ba ya cin ko kwabo, kuma a ganina shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi.

Maganin ɗigawar da aka ba ki, mai yiwuwa hawayen kwalba ne, wato wanda aka haɗa don ya yi aikin hawaye. A jikin kwalinsa akan ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye: hypromellose, carboxymethylcellulose ko sodium hyaluronate. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sai ido ya fara raɗaɗi sannan a ɗiga. Ki tsayar masa da lokaci, sau uku ko huɗu a rana, kuma ki ɗiga kafin ki zauna duba takardu ko kafin ki fita cikin iska. Ɗigo ɗaya ya isa, domin ido ba ya iya riƙe fiye da haka. Ki ja fatar ƙasa ki ɗiga a cikin lungun da ta yi, kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashinsa, kuma kwalbar da ta yi mako huɗu a buɗe a yar da ita. Akwai wani sinadari da ake sa wa yawancin kwalaben don kada su lalace, sunansa benzalkonium chloride, wanda shi kansa yana cin fuskar ido idan ya yi yawa. Duk wanda yake buƙatar ɗigawa fiye da sau huɗu a rana, ya nemi irin wanda babu wannan sinadari a cikinsa, ko da ya fi tsada. Idan kina tashi da safe ido a manne yana zafi, akwai mai kauri da ake sawa lokacin kwanciya. Yana dusar da gani na ɗan lokaci, shi ya sa ake barinsa sai dare.

A wajen aiki, duk bayan minti 20 ki ɗaga kai ki dubi wani abu mai nisa, kamar taku ashirin, na daƙiƙa 20, ki rufe ido sosai sau biyar ko shida. Ki kawar da fanka daga saitin fuskarki, turare kuma a yi shi taga a buɗe, ki shigo bayan hayaƙin ya lafa.

Game da warkewa, gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, a wurin yawancin mutane cuta ce da ake lallaɓawa, kamar kaushi da faso da sai an riƙa shafa musu mai kullum, idan aka bari su dawo. Amma wanda ya riƙe wannan tsari yakan koma karatunsa da aikinsa cikin sauƙi. Mako biyu ya yi kaɗan a yanke hukunci. Ki ba shi wata biyu zuwa uku. Idan bayan haka ba ki samu yadda kike so ba, akwai mataki na gaba a hannun likita, kamar ƙwayar dokisaikilin da ake ba da kaɗan-kaɗan na makonni don ta tsinka maiƙon ta rage kumburi, wadda ba a ba mai ciki ko ƙananan yara.

Tambaya: Likita, ni ɗan acaɓa ne, ina jigila tsakanin Daura da Mai'aduwa, shekarata 31. Idona kullum ja ne yana ƙaiƙayi. Wani mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa, da na ɗiga sai idon ya yi fari tas, ƙaiƙayin ya tafi. Yau wata takwas ina saye, amma duk ranar da ban ɗiga ba sai ya fi da ja. Akwai illa idan na ci gaba?

Amsa: Ɗan'uwa, wasiƙarka ce ta fi tayar mini da hankali a cikin duk waɗanda suka zo, kuma ina roƙonka ka ɗauki kwalbar nan yau ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Idan ka ga dexamethasone, ko betamethasone, ko prednisolone, to maganin yana cikin jinsin da ake kira sitiroyid. Magani ne mai ƙarfi wajen kwantar da kumburi, mu ma muna ba da shi ga mai bushewar ido idan abin ya tsananta, amma na mako biyu zuwa huɗu kawai, muna kuma auna ƙarfin ruwan da ke cikin idon. Dalilin aunawar shi ne, kusan mutum ɗaya cikin uku idan ya yi makonni yana ɗiga shi, ƙarfin ruwan idonsa yakan hau. Hawan ba ya ciwo, ba ya sa ja, yana dai danne jijiyar gani a hankali har ta mutu, wato abin da ake kira hawan jinin ido, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ban da haka yana kawo yanar ido tun mutum yana matashi, yana kuma rage wa ido ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta yadda ɗan ƙarzanen da ƙura ta yi wa baƙin ido zai iya zama gyambo.

Na taɓa duba wani saurayi da bai kai shekarunka ba, wanda ya shigo ɗakin duba marasa lafiya ya buge kafaɗa da ƙofa domin bai ga gefenta ba. Ya zaro kwalba daga aljihun gaban rigarsa, takardar jikinta har ta goge saboda yawan riƙo, ya ce shekara biyu ke nan ba ya rabuwa da irinta. Ya karanta manyan haruffan allo daidai, amma da na ɗaga yatsuna ta gefen fuskarsa bai gan su ba sai da na kawo su kusa da hancinsa. Abin da muka iya yi masa shi ne tsare ɗan abin da ya rage.

Idan kuma abin da ka gani a kwalbar naphazoline ne ko tetrahydrozoline, wannan yana matse jijiyoyin farin ido ne kawai su ɓuya, da ƙarfinsa ya ƙare su buɗe fiye da da, shi ya sa kake ganin jan yana ƙaruwa. Ko wanne ne daga ciki, ka tafi sashen ido na asibiti a cikin wannan mako, a nan Daura ko a Katsina, ka tafi da kwalbar, ka ce a auna maka ƙarfin ruwan ido. Wanda ya daɗe a kan sitiroyid, likita ne yake janye masa shi a hankali tare da ba shi madadi, don kada kumburin ya taso gaba ɗaya. Ƙaiƙayin da ka ambata yana iya zama na borin jini da ƙura ke tayarwa, wanda yake da nasa magani mara wannan haɗari. Sana'arka kuwa tana buƙatar tabarau mai rufe gefe da gefe ko hular kwano mai gilashi, domin iskar da ke dukan idonka a kan babur daga safe zuwa yamma ita ce tushen matsalar. Idan ka dawo gida ka wanke fuska da fatar ido da ruwa mai tsabta, kuma ina haɗa ka da Allah kada ka bari a ɗiga maka ruwan sikari, ko ruwan albasa, ko nonon mai shayarwa, ko wani tsimi. Mun ga idanun da waɗannan suka tsiyayar.

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 58, muna zaune a Daura. Idonta ya bushe har ko kuka take yi hawaye ba ya fitowa sosai, haske yana damunta. Bakinta ma a bushe yake, ba ta iya haɗiye tuwo sai da ruwa a kusa, yatsunta kuma suna sanƙarewa da safe. Mun sayi hawayen kwalba kala uku, babu wanda ya yi mata.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri kan kula da ita. Haɗuwar bushewar ido da bushewar baki da ciwon gaɓoɓi a jikin mace mai waɗannan shekaru tana sa mu tunanin wata cuta da garkuwar jiki take juyowa ta afka wa wuraren da ke samar da hawaye da yawu. Ana kiranta da sunan likitan idon ƙasar Suwidin da ya bayyana ta a 1933, Henrik Sjögren, kuma cikin kowane mutum goma masu ita kusan tara mata ne. Ba zan tabbatar da ita daga wasiƙa ba, sai an yi gwajin jini, an kuma auna yawan hawayen da wata siririyar takarda da ake rataya a fatar ido ta ƙasa na minti 5. Idan abin da ya jiƙe bai kai milimita 5 ba, ruwan hawayen ya yi ƙaranci ƙwarai. Ya kamata a duba ta a babban asibiti inda likitan ido da likitan gaɓoɓi za su haɗa hannu, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, idan kuma an ga buƙata a tura ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ku tafi da duk magungunan da take sha a cikin leda, domin maganin mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da wasu na barci da damuwa, duk suna ƙara busar da ido da baki. A auna mata suga. A kuma juya fatar idonta ta sama a duba, saboda dattawa da yawa a ƙasar nan sun yi amodari suna yara, tabon da ya bari yana lalata wuraren samar da hawaye, yana kuma lanƙwasa gashin ido ya koma ciki yana gogar baƙin ido; wannan ƙaramin aiki ake yi a gyara shi.

Irin nata ya wuce a dogara da hawayen kwalba kaɗai, ko da yake za ta ci gaba da ɗiga wanda babu sinadarin adanawa a cikinsa, ko da duk bayan awa ɗaya ko biyu ne. Akwai maganin ɗigawa mai suna saikulosforin, wanda aka amince da shi a Amurka tun ƙarshen 2002, yana kwantar da kumburin da ke hana samar da hawaye ba tare da ya hau da ƙarfin ruwan ido ba. Yana ɗan yaji a farko, kuma sai an yi wata uku zuwa shida ake ganin cikakken amfaninsa, don haka kada a yar da shi da wuri. Akwai kuma toshe 'yar ƙofar da hawaye ke bi su sauka hanci da wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba, don ɗan hawayen da take samarwa ya daɗe a kan idon. A zaune ake sa shi cikin 'yan mintoci. Idan abin ya ƙi, a wasu manyan asibitoci akan ɗebi jinin mutum a tace ruwansa a mayar masa da shi maganin ɗigawa, sai dai dole a ajiye shi cikin sanyi, abin da ke da wuya inda wuta ba ta tsayawa. Kafin ranar ganin likita, idan kika ga farin tabo a baƙin idonta, ko ciwo mai tsanani, ko ganinta ya ragu farat ɗaya, kada ku kwana a gida.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, an ce ina da bushewar ido. Zan iya ci gaba da sa kwalli? Ƙwayoyin man kifi da ake tallatawa suna magani? Kuma ya zan yi da ɗigawa idan azumi ya zo?

Amsa: 'Yata, wurin da ake zizara kwalli, wato gefen fatar ido ta ciki, nan ne daidai bakin jakunkunan maiƙon da na bayyana wa Malama a sama. Muddin ana jinyar idon, ki sa shi ta waje da layin gashin ido, ki wanke shi kafin ki kwanta, kuma kada ki yi tarayyar tandu da kowa. Ki sani kuma yawancin kwallin dutse da ake niƙawa yana ɗauke da dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, don haka ban yarda a sa wa jarirai ba.

Man kifi kuwa, wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2018, wanda ya bi mutum 535 na tsawon shekara guda, bai ga bambancin kirki tsakanin masu shan sa da waɗanda aka ba man zaitun ba. Kuɗin ya fi amfani idan kika sayi hawayen kwalba mai kyau, kika kuma ci kifi da ƙwai da zogale da manja a abincinki.

Hukuncin ɗiga magani da rana a azumi magana ce ta malamai, kuma sun yi saɓani a kai, sai ki tambayi malamin da kika amince da shi. Abin da zan ƙara ta fuskar likitanci shi ne, ɗacin da ake ji a maƙogwaro yana biyowa ne ta 'yar ƙofar da ke lungun ido ta wajen hanci. Idan kika ɗiga, ki rufe idon, ki danna wannan lungu da ɗan yatsa na minti ɗaya zuwa biyu, sannan ki goge abin da ya fito da auduga. Hakan yana rage abin da ke sauka ƙwarai, yana kuma sa maganin ya daɗe inda ake buƙatarsa. Idan bushewar idonki mai sauƙi ce, kina iya mayar da ɗigawar lokacin sahur, da bayan shan ruwa, da bayan tarawihi, da lokacin kwanciya, ki kuma sha ruwa isasshe tsakanin magariba da asuba.